Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Tsohuwar Kwamfuta Mai MS-DOS Tashi

Kwamfutar da ke aiki da MS-DOS takan bi ta hannun ƙananan shirye-shirye da dama kafin ta tashi, kowanne yana kammala nasa aikin sannan ya nemo na gaba ya miƙa masa ragama. Furosesa yana farawa da BIOS, wato shirin da ke zaune dindindin a cikin madabod (babban allon da kayan kwamfuta ke haɗe a kai), shi kuma BIOS ya ɗauko sektar farko ta faifai (sekta ita ce ƙaramin yanki na faifai mai bayit 512), wannan sekta ta nemo ta farkon ɓangaren faifai da DOS yake ciki, ita kuma ta ɗauko IO.SYS, daga nan a wuce MSDOS.SYS da CONFIG.SYS, a ƙare da COMMAND.COM da AUTOEXEC.BAT. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da irin saƙon da yake rubutawa idan ya gaza, kuma ba ya aron na wani, don haka babban aikin mai gyara shi ne ya gano wane ne ya yi magana ta ƙarshe kafin komai ya tsaya. Bayanin nan ya dogara ne da MS-DOS 6.22 na shekarar 1994 a kan kwamfutoci masu furosesa 286 ko 386 ko 486, amma yawancinsa yana aiki ga PC DOS na IBM, inda IO.SYS da MSDOS.SYS suke amsa sunan IBMBIO.COM da IBMDOS.COM.

Kafin a taɓa komai, a tanadi faifan fulofi mai iya tayar da kwamfuta, wanda ke ɗauke da DOS iri ɗaya da na cikin babban faifai (hard disk), tare da DEBUG da FDISK da SYS da CHKDSK da ATTRIB da EDIT, a kuma kulle shi daga rubutu ta hanyar buɗe ƙaramar tagar da ke kusurwarsa idan mai inci uku da rabi ne. A ajiye wani fulofin daban wanda ba a kulle ba domin adana kwafi. Sannan a riƙe ƙa'ida guda har ƙarshen aiki: ba a rubuta komai a kan babban faifai sai an karanta shi an adana abin da za a sauya.

Mataki na farko: wuta da gwajin BIOS

Idan an kunna kwamfuta ba a ga komai a allo ba, maganar DOS ba ta taso ba tukuna. A auna layin bolt 5 da na bolt 12 da mita, domin akwatin wuta yana da wata waya da ke sanar da madabod cewa wuta ta daidaita, kuma muddin wannan sanarwa ba ta zo ba furosesa ba zai motsa ba. Idan fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya, galibi wani abu ne ke haɗe wuta da ƙasa, kuma a tsofaffin madabod ƙananan kafasita na tantalum ne aka fi samu da wannan laifi. A akwatin wuta irin na AT, filogi biyun da ke shiga madabod ana sa su ne ta yadda baƙaƙen wayoyinsu za su haɗu a tsakiya. Kada a buɗe akwatin wutar kansa ko tsohon allo mai ƙwan gilashi, saboda suna riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare su daga soket.

Idan wuta lafiya take, sai a saurari ƙaramar sifika. Ƙara ɗaya gajeriya alama ce ta cewa gwajin farko ya wuce lafiya. Doguwa ɗaya da gajeru biyu, a BIOS na IBM da na Award, tana nufin katin hoto. A na AMI kuma gajeru uku suna nuna matsala a kilobayit 64 na farkon RAM, takwas kuma suna nuna ma'adanar katin hoto. Kwamfutocin IBM suna rubuta lamba a allo: 201 na RAM ne, 301 na kibod, 601 na fulofi, 1701 na babban faifai, 161 da 163 kuma suna nuna batir ya mutu lokaci ya ɓace. Inda ba ƙara ba hoto, akwai katin bincike da ake sakawa a ramin ISA, wato ramin sa katuna a madabod, wanda ke nuna lambobin da BIOS ke aikawa ta tashar 80h (harafin h yana nuna lamba ce ta tushen goma sha shida) a kowane zango na gwajinsa, kuma lambar da ya tsaya a kai ita ce za a duba a jadawalin mai wannan BIOS. Sai a zare dukan katuna in ban da na hoto, a sake danna RAM a mazauninsa, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu: CMOS da siffar faifai

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin a ganina mafi yawan tsofaffin kwamfutocin da ake cewa faifansu ya mutu, batirinsu ne kawai ya mutu. Tun daga IBM PC AT na 1984 kwamfuta take adana bayanin kayan da ke jikinta a wata ƙaramar ma'adana da ake kira CMOS, wadda batir ke raya ta. Wasu madabod suna da batirin NiCd mai siffar ganga wanda ke yoyo ya cinye layukan tagulla da ke kusa da shi, kuma wajibi ne a cire shi a wanke wurin. Wasu kuma suna da guntun Dallas DS1287 wanda batirinsa ke rufe a cikinsa, sai dai a sauya guntun ko a haɗa masa batir daga waje.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin bayanin da ke ɓacewa shi ne siffar babban faifai, wato yawan silinda, da yawan kawunan karatu, da yawan sekta a kowane layi. DOS yana neman kowane wuri a faifai ne da waɗannan lambobi uku, saboda haka idan an tsara faifan da kawuna 16 da sekta 63, aka dawo aka gaya wa BIOS wasu lambobi daban, za a riƙa karanta wuraren da ba su ba alhali bayanan suna nan daram. A shiga saitin BIOS, wanda a AMI da Award ake shiga da maɓallin Del, a zaɓi nau'i na 47 da ke ba da damar rubuta lambobin da hannu. Lambobin da ke manne a jikin faifai su ne abin fara gwadawa, sai dai ba lallai ne su zama waɗanda aka yi amfani da su a da ba, domin faifan IDE yana karɓar siffa dabam da ta asalinsa, kuma wanda ya tsara shi shekaru talatin da suka wuce yana iya zama ya zaɓi nau'in da ya fi kusa a jerin BIOS. Mataki na uku zai nuna yadda ake tono lambobin gaskiya daga cikin faifan.

Akwai kuma iyakar da tsohon BIOS ba ya wucewa: silinda 1024 sau kawuna 16 sau sekta 63 sau bayit 512, wato bayit 528,482,304. Faifan da ya fi haka girma, a kan BIOS da bai san fassarar siffa ba, yawanci ana samunsa ɗauke da wata manhaja irin su Ontrack Disk Manager ko EZ-Drive da ke zaune a farkon faifai tana yi wa BIOS tafinta, kuma wannan batu zai dawo nan gaba. Idan faifan na MFM ne, wato tsohon nau'in da ya riga IDE, a bar shi tare da katin da aka same shi da shi, domin wani katin daban ba lallai ya iya karanta tsarin da na farko ya shimfiɗa ba. A duba nau'in fulofi ma a CMOS. Fitilar fulofi da ta kama ta ƙi mutuwa tun daga kunnawa tana nufin an juya kebul ɗinsa a baibai.

Mataki na uku: sektar farko ta babban faifai

Bayan gwaji, BIOS yana kiran wani sashe na shirinsa mai suna INT 19h, wanda ke karanta silinda 0, kai 0, sekta 1, ya ajiye bayit 512 ɗin a adireshin 0000:7C00, ya duba ko bayit biyun ƙarshe su ne 55 da AA, sannan ya miƙa musu aiki. A babban faifai wannan sekta ita ce MBR (Master Boot Record), wadda ta zo da PC DOS 2.0 a 1983: bayit 446 na farko wurin shiri ne, sai jadawalin ɓangarori mai gurbi huɗu, kowanne bayit 16. Saƙonninta uku ne. "Invalid partition table" yana nufin alamar ɓangaren tashi ta lalace ko an sa ta a gurbi fiye da ɗaya. "Error loading operating system" yana nufin ta nemi BIOS ya karanto mata sektar farkon ɓangaren ya kasa. "Missing operating system" yana nufin an karanto sektar amma ba 55 AA a ƙarshenta, kuma wannan shi ne saƙon da kuskuren siffa ya fi haifarwa. Idan babu ɓangaren da aka yi wa alamar tashi sam, ana kiran INT 18h, wanda a IBM na asali ke buɗe BASIC na cikin ROM, a sauran kuma yakan rubuta "NO ROM BASIC" ya tsaya.

A tayar da kwamfutar da fulofi, a buɗe DEBUG, manhajar DOS ta duba bayit kai tsaye da rubuta ƙananan shirye-shirye. Umarnin L na DEBUG ba ya kaiwa ga MBR domin yana ganin abin da ke cikin ɓangare ne kawai, saboda haka dole a rubuta ɗan shiri da zai roƙi BIOS kai tsaye. Dukan lambobin DEBUG na tushen goma sha shida ne:

A 100
MOV AX,0201
MOV BX,0200
MOV CX,0001
MOV DX,0080
INT 13
INT 3

A danna Enter a layin da babu komai domin fita daga rubutun shirin, sannan a rubuta G=100. A lura sosai da 0201 ɗin nan, domin 02 karatu ne, 03 kuma rubutu, kuma kuskuren lamba ɗaya zai shafe MBR. Idan shirin ya tsaya, a duba alama ta ƙarshe a layin rajistoci: NC yana nufin karatu ya yiwu, CY yana nufin ya gaza, sannan rabin farko na AX yana faɗin dalili, inda 04 ke nufin ba a sami sektar ba, 10 bayanan sun gurɓace, 20 katin faifai ya gaza, 80 kuma faifan bai amsa ba. Waɗannan matsalolin ƙarfe ne ko na kebul, kuma babu umarnin DOS da zai warkar da su.

Idan karatu ya yiwu, a fara adana kwafi: a sa fulofin da ba a kulle ba, a rubuta N A:MBR.BIN, a mayar da BX zuwa 0 da umarnin R BX, a sa CX ya zama 200 da R CX, sannan W 200. Mayar da BX sifili wajibi ne, tunda DEBUG yana haɗa BX da CX ne ya san tsawon abin da zai rubuta, kuma shirin da aka gudanar ya bar 0200 a cikinsa.

Yanzu sai D 3BE L42, wanda zai nuna jadawalin da bayit biyun ƙarshe. Bayit na farko a kowane gurbi 80 ne idan shi ne ɓangaren tashi, 00 idan ba shi ba. Na biyar yana faɗin nau'i: 01 na FAT12, 04 na FAT16 da bai kai megabayit 32 ba, 06 na FAT16 babba, 05 na ɓangaren ƙari. Na shida shi ne lambar kai na ƙarshe, kuma da yake ƙirga tana farawa daga sifili, 0F yana nufin kawuna 16. Na bakwai yana ɗauke da sekta ta ƙarshe a ƙananan bit shida nasa, saboda haka 3F da 7F da BF da FF duk suna nufin sekta 63, 11 kuma yana nufin 17. Da yake FDISK yana ƙare ɓangare a ƙarshen silinda, waɗannan lambobi biyu su ne siffar da aka tsara faifan da ita, kuma ana iya karanta su ko da CMOS yana ɗauke da kuskure, domin sektar farko tana wuri ɗaya a kowace siffa. A koma CMOS a rubuta su. Sau da yawa aikin yana ƙarewa a nan.

Idan jadawalin lafiya yake amma babu 80, zaɓi na 2 a FDISK yana sa alamar ba tare da ɓata komai ba. Idan shirin farkon sektar ne ya lalace, FDISK /MBR yana sake rubuta shi ya bar jadawalin, amma an cika gaggawar ba da wannan shawara. A faifan da ke da Disk Manager ko EZ-Drive, wannan umarni yana kawar da tafintan, faifan ya daina karantuwa. Alamarsu ita ce sunansu da ke bayyana a allo lokacin tashi, ko nau'in ɓangare 54 ko 55 a jadawali. Haka kuma bairos ɗin Monkey yana ɓoye jadawalin asali a wata sekta a rikiɗe, One Half kuma yana rikiɗa bayanan faifan kansa, don haka share su da FDISK /MBR yana tafiya da mabuɗin dawo da bayanan. Hanyar zargin bairos mai sauƙi ita ce CHKDSK, wanda ya kamata ya nuna jimlar RAM ta bayit 655,360. Ragin kilobayit ɗaya, wato 654,336, yawanci BIOS ne ya ɗiba domin amfanin kansa. 653,312 kuwa shi ne abin da Stoned da Michelangelo suke bari. Jadawalin da ya zama tarkace a DEBUG alhali kwamfutar tana ganin C idan ta tashi da kanta, shi ma alama ce ta a dakata.

Mataki na huɗu: sektar ɓangare da fayilolin tsarin

MBR tana kwafe kanta zuwa 0000:0600, ta ɗora sektar farkon ɓangare a 7C00, wurin da ita ta bari. Saƙon wannan sekta shi ne "Non-System disk or disk error", kuma kafin a zurfafa bincike a duba ko an manta fulofi a cikin A. Idan ba haka ba ne, a tashi da fulofi a rubuta DIR C:. Amsar "Invalid drive specification" tana mayar da mu ga jadawali ko CMOS. "Invalid media type" tana nuna bayanan sektar ɓangaren ba su karantu daidai ba. Sunayen fayiloli da suka zama haruffan banza kuma kusan kullum kuskuren siffa ne.

A cikin DEBUG, L 100 2 0 1 yana ɗauko sektar farko ta C, D 100 ya nuna ta. Ya kamata ta fara da EB ta biyo da 90 a bayit na uku, a ga suna irin MSDOS5.0, wanda DOS 6 ma shi yake rubutawa, a ga 00 02 a adireshi 10B, wato bayit 512 a kowace sekta. A 118 akwai yawan sekta a layi, a 11A yawan kawuna, kuma dole su dace da na CMOS. D 2FE L2 zai nuna 55 AA. A adana wannan sekta ma kamar yadda aka adana ta farko, amma da wani sunan fayil daban, kuma da W 100.

Shirin wannan sekta ƙarami ne ƙwarai: yana duba ko IO.SYS da MSDOS.SYS su ne sunaye biyu na farko a babban kundin faifai, ya ɗauko sekta uku na farkon IO.SYS zuwa 0070:0000. Shi ya sa kwafe fayilolin da COPY ba ya sa faifai ya tashi. DIR C:\ /A zai nuna ko suna nan, tunda ɓoyayyu ne. Idan siffa ta tabbata daidai, fayiloli kuma suna karantuwa, SYS C: yana sake rubuta shirin sektar ya mayar da fayilolin tsarin da COMMAND.COM. A tabbata DOS na fulofin shi ne na faifan, in ba haka ba sauran umarnan da ke cikin C:\DOS za su riƙa amsa "Incorrect DOS version".

Mataki na biyar: CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT

Da zarar an ga "Starting MS-DOS...", duk matakan baya sun wuce lafiya, kuma an sami kusan daƙiƙa biyu na danna maɓalli. F5 yana tsallake fayilolin saiti biyun gaba ɗaya. Idan kwamfuta ta tashi da shi, laifin yana cikinsu. F8 yana tambaya layi bayan layi, kuma daga DOS 6.2 yana haɗawa har da AUTOEXEC.BAT, layin da aka amsa wa Y kwamfuta ta daskare shi ne abin zargi. Idan maɓallan ba sa aiki, wataƙila akwai SWITCHES=/N a CONFIG.SYS, sai a gyara shi daga fulofi. A faifan da aka matse da DriveSpace, manhajar DOS ta matse bayanai domin ƙara fili, DRVSPACE.BIN yana shiga tun kafin CONFIG.SYS, kuma Ctrl da F5 ne ke tsallake shi, sai dai fayilolin za su zama kamar sun ɓace domin suna ƙunshe cikin babban fayil guda ɓoyayye, wanda ba a gogewa ko kusa.

Direbobi biyu ne suka fi kawo cikas. HIMEM.SYS yana buƙatar sarrafa layin A20 domin kaiwa ga RAM ɗin da ke sama da megabayit ɗaya, wanda a yawancin kwamfutocin AT guntun kibod 8042 ke buɗewa, kuma idan ya ce "Unable to control A20 line" sai a gwada ƙara /MACHINE:1 ko wata lambar da ta dace da na'urar. Idan ya ce ya sami RAM marar aminci, a gaskata shi a sauya RAM. /TESTMEM:OFF rufe bakin mai gargaɗi ne kawai. EMM386.EXE kuma yana mamaye guraben da ke tsakanin kilobayit 640 da megabayit ɗaya, wani lokaci ya hau kan wurin da katin sadarwa ko na SCSI ke amfani da shi. A ƙara masa X=A000-EFFF; idan daskarewar ta daina, a riƙa rage faɗin har a gano gurbin rikicin, tare da taimakon taswirar RAM da MSD ke nunawa. Layin da ake zargi a sa masa REM a gabansa maimakon a goge shi.

"Bad or missing Command Interpreter" yana nufin layin SHELL= yana nuna wurin da babu COMMAND.COM, ko fayil ɗin na wani DOS ne daban. A AUTOEXEC.BAT kuwa, a cire @ECHO OFF na ɗan lokaci domin a ga kowane umarni yana wucewa.

Mataki na shida: bin sawu a manhajar kwaikwayo

Idan an bi duk wannan allo yana nan baƙi da ɗigon rubutu yana ƙyaftawa ba tare da saƙo ba, sai a ɗauki hoton faifan, wato cikakken kwafinsa a fayil guda, sekta bayan sekta da manhajar dd a wata kwamfutar, ko ddrescue idan yana da wuraren da suka lalace. Faifan da ya tsufa sosai wanda bai san LBA ba, wato tsarin neman sekta da lamba guda maimakon silinda da kai da sekta, yakan ƙi aiki da adaftar USB, sai an haɗa shi da madabod mai tashar IDE ta gaske. A yi aiki da kwafin hoton, a ajiye na asali.

A QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wata kwamfutar, umarnin qemu-system-i386 -hda hoto.img -s -S yana tsayar da furosesa tun kafin umarnin farko, yana jiran GDB, manhajar bin sawun shiri umarni bayan umarni, a tasha 1234. A GDB sai target remote :1234, sai set architecture i8086, sai break *0x7c00, sai continue. Ya kamata a tsaya a wannan adireshi sau biyu, na farko ga MBR, na biyu ga sektar ɓangare. Idan sau ɗaya kawai aka tsaya, matsalar tana MBR ko jadawali. Idan sau biyu, a ƙara wata tsayawar a 0x700 domin ganin ko an kai ga IO.SYS, a bi abin da ke tsakani da stepi. QEMU yana hasashen siffar faifai daga jadawalin ɓangarori, saboda haka hoton da ya tashi lafiya a cikinsa amma ya ƙi a na'urar gaske yana nuna bayanan ƙalau suke, laifin yana ga CMOS ko kebul ko katin faifai. Bochs kuma, wata manhajar kwaikwayon, yana ba da damar rubuta silinda da kawuna da sekta da hannu a fayil ɗin saitinsa, don haka ana iya sa masa lambobin da ke CMOS a ga ko zai daskare a wuri ɗaya, sannan a sauya su zuwa na jadawali a sake gwadawa, duk ba tare da an sake kunna tsohon faifan ba.